Girifin a garkuwar barde: gyaran tambari ɗaya domin ya dace da shekarar 1300

Aikin da za a bi diddiginsa a nan tambari ne na barde ɗan Ingila, wanda za a nuna shi cikin rundunar Sarki Edward na Ɗaya lokacin da ta yi wa ganuwar Caerlaverock ƙawanya, a kudu maso yammacin Sikotland, cikin watan Yulin 1300. Barden ƙirƙirarre ne, irin na masu wasan kwaikwayon tarihi, amma yaƙin na gaske ne. Mai aikin, wato wanda za a yi wa tambarin, ya kafa sharaɗi biyu: tambarin ya ɗauki dabbar almara, kuma masanin tarihi idan ya gan shi kada ya yi tsaki.

Zanen farko da aka kawo ya tattara kusan duk kurakuran da akan yi. Garkuwa ce baƙa, an raba ta gida huɗu. A gidan farko jan diragon, wato dodon almara mai kama da ƙadangare, mai ƙafa huɗu yana fesa wuta, a sauran gidajen takobi da hasumiya da harafin farko na sunan barden. A hagu da dama dawakai biyu masu ƙaho ɗaya a goshi suna riƙe da garkuwar. A sama kwalkwali mai sanduna a fuska da kambin sarauta, a ƙasa kirari da Latin. An yi wa dabbar inuwa da ƙyalli kamar hoton fim. Zanen ya ƙayatar, sai dai barden 1300 da zai gan shi ba zai gane nasa ba ne.

Matsalar ta samo asali daga hoton da yawancin mutane ke da shi a kai. Wanda ya san tambarin Najeriya ya san cikakken tsari: baƙar garkuwa a tsakiya, fararen dawakai biyu a gefe, jar gaggafa a sama, take a ƙasa. Wannan tsari gadon Turawan Ingila ne, amma ƙarni bayan ƙarni aka yi ana ɗora masa sassa kafin ya kai haka. A 1300 tambari yana nufin abin da ke fuskar garkuwa kawai, shi ake maimaitawa a tuta da rigar saman sulke da suturar doki da hatimi.

Abin da aka fara cirewa

Dabbobin da ke riƙe garkuwa sun fara fita. A hatiman da manyan Ingila suka buga a wasiƙarsu zuwa ga Fafaroma a 1301 ana ganin ƙananan dodanni a gefen wasu garkuwoyi, amma cike gurbi ne maƙerin hatimi ya yi domin kada da'irar ta zauna fayau. Ba su zama haƙƙin mai tambari ba sai daga baya, can ƙarshen ƙarni na 14 zuwa na 15, kuma ko a lokacin na manya ne. Kwalkwali mai sanduna kayan ƙarni na 15 ne. Barden 1300 babban kwalkwali mai kama da tukunya yake sawa, da tsaga ta ido. Kambi da kirarin ƙasa da harafin suna duk suka bi su.

Rabon gida huɗu yana buƙatar ɗan bayani, domin ya riga 1300. Masarautar Kastil da Leyon a Sifen ta haɗa hasumiya da zaki a gida huɗu tun ƙarni na 13, bayan haɗewarsu a 1230. Amma irin wannan rabon, mai tambari daban a kowane gida, yana da ma'ana guda: tambura biyu da kowanne ke da ransa sun haɗu a hannun mutum ɗaya ta gado ko ta da'awar sarauta. Sarkin Ingila kansa bai haɗa furannin Faransa da zakunansa uku ba sai 1340, zamanin Edward na Uku. Ƙaramin barde a 1300 da garkuwa gida huɗu, kowane gida da wani abin da yake sha'awa, ya yi riga malam masallaci da shekara arba'in, kuma ya yi amfani da tsarin ba a inda ya dace ba.

Wace dabba

Nan aka fi daɗewa. Jan diragon mai ƙafa huɗu da fukafukai, wanda yake a tutar Wales yau, siffarsa ta zauna ne a zamanin gidan Tudor. Henry Tudor ya ɗaga tuta mai jan diragon a yaƙin Bosworth a 1485. A zane-zanen ƙarni na 13 diragon yawanci ƙafa biyu gare shi, da doguwar wutsiya mai murɗewa. Irinsa ne ke saman kwalkwalin Thomas, mai sarautar Lancaster, a hatiminsa na 1301. Saboda haka diragon bai haramta ba, amma dole a yanke masa ƙafa biyu, kuma a fuskar garkuwar Ingila ta wancan lokaci ba kasafai ake samunsa ba. Doki mai ƙaho ɗaya kuwa ya fi zama ɗan ƙarni na 15.

Gaskiyar da masu neman dabbar almara ba sa son ji ita ce, a kundayen tambura na ƙarni na 13 zaki ne sarki, gaggafa na biye masa daga nesa, sauran kuma ratsi ne da gicciye da taurari da ƙananan tsuntsaye. Kundin Dering, wanda aka yi tsakanin 1270 da 1280 kuma yake ajiye a babban ɗakin karatu na Birtaniya, yana da garkuwoyi 324. Mai duba shi zai gaji da ƙirga zakuna kafin ya ci karo da abin almara.

Girifin ne ya cika sharaɗin. Dabba ce da gabanta gaggafa, bayanta zaki. Iyalan Redvers, masu sarautar Devon, sun sa ta a hatimansu tun ƙarni na 12. Sarakunan Pomeraniya a gaɓar tekun Baltik sun riƙe ta har aka riƙa kiran gidansu da sunanta, daga farkon ƙarni na 13 zuwa ƙarewar zuriyar a 1637. Hujjar da ta fi kowacce ƙarfi kuma tana cikin yaƙin da ake kwaikwayo: waƙar Faransanci da wani sanƙira ya tsara kan rundunar Caerlaverock ta ambaci Simon de Montagu da tuta da garkuwa shuɗɗa, da girifin na zinariya a tsaye. Ke nan dabbar ta halarci wurin a ranar.

Siffarta tana da ƙa'ida, kuma a nan masu zane ke yawan zamewa. Kai na gaggafa ne amma da kunnuwa masu tsini a tsaye. Idan aka manta kunnuwan, kan ya koma na gaggafa zalla. Ƙafafun gaba na tsuntsu ne, yatsu uku a gaba, guda ɗaya a baya, da farata. Daga ƙugu zuwa ƙasa zaki ne, har da wutsiya mai tuntu. Fukafukai a ɗage suke a bayan wuya. Tsayuwarta irin ta zaki mai zabura: ƙafar baya ta hagu a ƙasa, sauran ukun a sama. Girifin mara fukafukai mai ƙayoyi a jiki, wanda Turawan Ingila ke kira namiji, ƙirƙirar baya ce, ba ya cikin wannan aiki.

Launi

Launukan tambari kashi biyu ne. Akwai ƙarafa biyu, zinariya da azurfa, waɗanda a fenti suke zama rawaya da fari. Akwai launuka masu duhu: ja, shuɗi, baƙi, kore, da shunayya. Ƙa'idar ita ce kada a ɗora ƙarfe kan ƙarfe ko mai duhu kan mai duhu. An rubuta ta a littattafai daga baya, amma masu garkuwa sun riga sun bi ta a aikace, saboda dalilin a fili yake: ja a kan baƙi daga nisan taku hamsin, cikin ƙura, dunƙulen duhu ne kawai. Akan kawo tambarin masarautar Kudus ta 'yan Salibiyya, gicciyen zinariya a kan azurfa, a matsayin hujjar karya ƙa'ida. Ya karya ta, kuma shi ya sa har yau ake ambatonsa. Ƙaramin barde ba shi da wannan alfarma.

Ja da fari da rawaya su suka fi yawa a kundayen zamanin, shuɗi da baƙi na biye, kore kaɗan ne, shunayya kuwa sai an tona. Jadawalin nan da ke yawo, wai ja jarumta ne, shuɗi amana, fari tsarki, aikin marubutan baya ne. Abin da mutanen lokacin suka fi yi shi ne wasa da suna: Kastil da hasumiya, Leyon da zaki, gidan Lucy da kifin da sunansa ya yi kama da nasu, birnin Greifswald da girifin. Da a ce sunan barden yana da kama da na dabbar, da an sami dalili mafi inganci na zaɓenta.

Gwaji na biyu da dalilin faɗuwarsa

Da mai aikin ya ji labarin Montagu sai ya ce a ba shi shuɗi da girifin na zinariya, a ƙara farin gefe kewaye da garkuwar domin bambanci. A ido ya yi kyau, a ƙa'idar launi ma babu laifi. Amma tambari a Ingila na mutum ɗaya ne a lokaci ɗaya, ba na duk mai suna iri ɗaya ba, balle na baƙo. Ƙara gefe, ko ratsin nan mai yatsu uku ko biyar da babban ɗa ke sawa a saman garkuwar ubansa, alama ce ta dangantaka. Wanda ya ga shuɗi da girifin na zinariya da farin gefe a sansanin Edward, cewa zai yi ƙanen Montagu ne ko ɗan ɗan'uwansa.

Akwai shari'ar da ta fayyace wannan. A 1385, lokacin da Richard na Biyu ya kai yaƙi Sikotland, Richard Scrope da Robert Grosvenor suka tarar tambarinsu ɗaya ne: shuɗi da ratsin zinariya a karkace. Kotun barade ta saurari ɗaruruwan shaidu, a 1389 ta ba Scrope gaskiya, ta ce Grosvenor ya ƙara farin gefe. Da aka ɗaukaka ƙara, sarki a 1390 ya ce gefe bambanci ne tsakanin 'yan'uwa, bai isa tsakanin bare da bare a ƙasa ɗaya ba. Grosvenor ya koma damin alkama na zinariya a kan shuɗi. Shari'ar ta zo shekara casa'in bayan Caerlaverock, amma al'adar da ta tabbatar tsohuwa ce.

Sauya launi kaɗai ma ba ya raba gardama, domin haɗe-haɗe masu sauƙi duk da masu su. Jan girifin a kan azurfa na gidan Botreaux ne a Ingila, kuma na Pomeraniya ne a ƙetare. Farin girifin a kan baƙi na gidan Griffin ne. Hanyar bincike ita ce kundin da ke jera tambura bisa abin da ke cikinsu maimakon sunan mai su. Na Papworth ya fito a 1874, sannan akwai mujalladai huɗu na tamburan Birtaniya na zamanin tsakiya da Ƙungiyar Masana Kayan Tarihi ta Landan ta fitar tsakanin 1992 da 2014. Ana buɗe babin girifin, a duba launi biyu da aka zaɓa, a duba ko wani ya riƙe su kafin 1300 ko kusa da ita. Batun neman izini bai taso ba: Kwalejin Tambura ta Landan sai 1484 aka ba ta takardar kafuwa, a 1300 barde da kansa yake ɗaukar tambarinsa, maƙwabta su zama alƙalai.

Abin da aka tsaya a kai: fili na zinariya, jan girifin a tsaye, baƙin gefe mai gantsare-gantsare. Ja da baƙin da mai aikin ya so tun farko sun dawo, amma yanzu rawaya ta shiga tsakaninsu. Baki da farata aka yi su shuɗɗa, kamar yadda jan zakin Sikotland yake da shuɗɗan farata a kan zinariya. Kundayen lokacin sau da yawa ba sa ma ambaton wannan, hannun mai fenti ake bar wa. Bayanin tambarin duka layi ɗaya ne, kuma wannan kansa awo ne. Tambarin ƙarni na 13 da bayaninsa ya kai layi uku, a sake duba shi.

Zane a kan garkuwa

Garkuwar lokacin gajeriya ce, samanta a miƙe, ƙasanta da tsini. Hanya mai sauƙi ta fitar da siffar: a ja layin sama santimita 54, a sauko da gefe biyu a miƙe santimita 18, wato sulusin faɗi, sannan a kafa kamfas a ƙarshen kowane gefe, a buɗe shi santimita 54, a ja baka zuwa ƙasa. Inda bakan biyu suka haɗu nan ne tsini, tsawon duka ya kama kusan santimita 65. Garkuwa mai lanƙwashe-lanƙwashe da ƙaho a kusurwa, ko mai yanke a gefe domin mashi, ta ƙarni na 15 da bayansa ce.

Gefen ya ci santimita 5 zuwa 6. Gantsarensa su zama manya kuma kaɗan, kamar huɗu ko biyar a layin sama. Ƙanana masu yawa kamar haƙoran zarto salon masu buga littafi ne na baya, kuma daga nesa ba a ganinsu.

Kuskuren da ya fi kowanne yawa shi ne ƙaramar dabba a tsakiyar fili, kamar tambarin kamfani a aljihun riga. Mai zanen zamanin tsakiya cika fili yake yi. Tunda garkuwar faɗi ce a sama, tsini a ƙasa, jikin dabbar ake lanƙwasawa ya bi ta: kai ya kusa taɓa sama, ƙafafun gaba su miƙe zuwa kusurwa ɗaya, fukafukai da wutsiya su cike ɗaya kusurwar, ƙafar da ke ƙasa ta sauka cikin tsinin. Jikin siriri ne, ƙugu a tsuke, farata da baki an ƙara musu girma fiye da na halitta. Gashin fiffike shida ko bakwai manya sun isa, da rawaya tana leƙowa tsakaninsu. Idan aka haɗe su, fiffiken ya zama jan faifai. Babu inuwa, babu ƙyalli. Launi shimfiɗe, da baƙin layi siriri domin ido da haƙarƙari da gaɓoɓi. Idan filin ya yi wa mai aiki fayau, akwai adon da zamanin ya yarda da shi: zanen ganye ko murabba'ai marasa ƙarfi, da launin filin kansa amma ɗan duhu. Garkuwar da ke kabarin William de Valence a majami'ar Westminster, wanda ya mutu a 1296, tana da irinsa.

Dabbar tana fuskantar daman mai riƙe da garkuwa, wato hagun mai kallo. Garkuwa a hannun hagu take, saboda haka ta wannan fuska ce dabbar ke duban gaba, wajen abokin gaba. A zanen farko diragon ɗin ɗaya gefen yake kallo, wanda a hannun barde zai zama kamar yana gudu.

Itace da fenti

Garkuwoyin da suka tsira sun nuna yadda ake yi. Akwai ta Seedorf mai farin zaki a kan shuɗi a gidan tarihi na Zurich, da ta Konrad na Thuringiya a Marburg wanda ya mutu a 1240, da ta Baƙin Yarima, ɗan Edward na Uku, wanda ya mutu a 1376, a majami'ar Canterbury. Dukansu itace ne mara nauyi, an lulluɓe da fata ko ƙyalle, an shafe da alli da gam, sannan fenti, wani lokaci da dabbar a tashe kaɗan daga fili. Garkuwar ƙarfe mai walƙiya ta fim ce.

A aikace, ana haɗa alluna masu kaurin milimita 8 zuwa 10 gefe da gefe, a ɗan lanƙwasa su zuwa jikin mai riƙewa. Ana kafa ƙusoshin maɗaurin hannu da na rataya tun kafin shafe. Wanda ya bari sai bayan fenti, guduma za ta tsattsage masa allin. Lulluɓin ƙirgi ko lilin a yi shi ciki da waje. Idan fuska ɗaya kawai aka yi, fatar tana bushewa tana jan itacen har ya karkace. Gam na fata ne, awo ɗaya cikin ruwa awo goma, a jiƙa ya kwana, a ɗumama ba tare da ya tafasa ba, domin tafasa na kashe ƙarfinsa. A zuba alli har ya yi kaurin kunu mara ƙarfi, a shafa sau shida zuwa takwas, sirara, kowane shafi ya gicciye na ƙasansa, a bari ya sha iska kafin na gaba. Shafi ɗaya mai kauri domin gaggawa shi ke kawo tsaga. Bayan ya bushe a kankare ya yi sumul.

Fentin ana dama garin launi da kwanduwar ƙwai da ɗan ruwa. Domin zinariya, mai hali ya manna ganyen zinariya, mara hali ya yi da rawayar ƙasa, dukansu daidai ne a tarihi. An guje wa azurfa ta gaske da gangan, domin tana baƙi da iska. Shi ya sa wasu tsofaffin kundaye ke nuna baƙi a inda asali fari ne, kuma mai kwafa ba da sani ba sai ya kwafi tsatsa. Jan lokacin na zaiba ne ko na dalma, rawaya mai haske kuma ta arsanik ce, duka guba, kuma ta arsanik ɗin ba ta jituwa da launukan dalma da na tagulla, tana ɓata su idan sun haɗu. Launukan zamani masu kama da su sun wadatar, muddin ba masu ƙyalli ba ne. Baƙi daga gawayi ko toƙar fitila. Shuɗin farata idan daga dutsen azurait ne kada a niƙa shi ya yi laushi sosai, domin yana kodewa ya koma fari-fari.

Kafin a taɓa itace an yi gwaji biyu a takarda. Na farko, an rataye zanen a cikakken girmansa, aka ja baya taku hamsin: kunnuwan girifin sun ɓace cikin fiffike, sai aka sauke fiffiken kaɗan aka bar rawaya tsakani. Na biyu, an rage shi zuwa faɗin santimita 3 ba launi, girman hatimi, domin a kakin zuma siffa kaɗai ke magana. A nan wutsiya ta manne da gefe, aka janye ta.

Sauran kayan sun bi garkuwar da gyara ɗaya. A tuta, wadda ga manyan barade doguwa ce a tsaye fiye da faɗinta, girifin yana duban sanda ta kowace fuska. A suturar doki yana duban kan dokin, wanda ke nufin a ɓangaren dama na dokin dole a juya zanen. A ƙarfen hatimi kuma ana sassaƙa shi a juye, har da rubutun da ke kewaye, domin ya fito daidai idan an danna a kaki.